Wanda ya yanke jiki ya faɗi: a danna ƙirji kawai, ko a haɗa da hura numfashi?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum. Muna shirya takardar da za a raba wa sababbin 'yan agaji a kan CPR, wato danna ƙirji da hura numfashi don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma akwai wuri ɗaya da nake son bakinmu ya zo ɗaya kafin a kai ta bugawa. Ra'ayina shi ne mu koyar da danna ƙirji kawai, mu cire hura numfashi ta baki. Ga abin da na rubuta, a duba a gyara.

In mutum ya yanke jiki ya faɗi, fara duba wurin tukuna: wayar wuta, motoci, hayaƙin janareta. Durƙusa kusa da shi, ka bubbuga kafaɗunsa, ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kada ka ce "jama'a a kira mota", don kowa zai zaci wani ne zai kira. Nuna mutum ɗaya da hannu ka ce kai, kira lambar gaggawa ta 112, kai kuma nemo mota. Sannan ka zuba wa ƙirjinsa ido, kada ya wuce daƙiƙa 10. In ba ya numfashi yadda ya kamata, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, ɗora ɗaya hannun a kai, sarƙe yatsu. Miƙe gwiwar hannu, kafaɗunka su zo daidai saman hannayenka, ka danna da nauyin jikinka. Zurfi santimita 5, kada ya zarce 6. Sauri 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa. Kada ka tsaya.

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam Malam. Matakan sun yi, sai abu ɗaya da za a ƙara: bayan kowace dannawa a bar ƙirjin ya dawo daidai. Da yawa in sun gaji sai su jingina a kan ƙirjin, alhali a lokacin dawowar ne zuciya ke cika da jini. In ba ta cika ba, dannawa ta gaba babu abin da za ta tura.

Amma batun cire hura numfashi gaba ɗaya, a nan ban bi ka ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fito da shawarar danna ƙirji kawai a 2008, kuma ta faɗi ga wa aka yi ta: babban mutum da aka ga ya faɗi farat ɗaya. Irin wannan, zuciyarsa ce ta fara tsayawa. Daƙiƙa kaɗan da suka wuce yana numfashi lafiya, huhunsa da jininsa cike suke da iskar oksijin da za ta isa 'yan mintunan farko. Abin da ya rasa shi ne mai tura jinin. To amma su wa ake ɗaukowa a garuruwanmu? Yaron da aka tsamo daga kududdufi ko rijiya. Fasinjan kwale-kwalen da ya kife a kogin Neja. Matashin da ya sha tiramadol ko kodin fiye da kima. Jinjirin da ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Waɗannan duka numfashinsu ne ya fara tsayawa, zuciya ta ci gaba da aiki har oksijin ya ƙare, sannan ta tsaya. In ka danna ƙirjinsu ba ka hura ba, jinin da babu komai a cikinsa kake zagayawa da shi.

Malam Isiyaku:
Dakta, a ilimance ban ja da kai ba. Amma ka san mutanenmu. Wa zai sa bakinsa a bakin baƙo a bakin titi, ga tsoron tarin fuka, ga amai, ga jini? In kuma mace ce ta faɗi a cikin maza, magana ta ƙare. Ka gaya wa mutum dole sai ya haɗa biyun, sai ya ƙi yin ko ɗaya. Da babu gara ba daɗi.

Dakta Bashir:
Gaskiyarka, kuma ban ce a rubuta "dole" ba. A rubuta haka: babba da ya faɗi farat ɗaya, danna kawai ya wadatar a farko. Yaro, jinjiri, wanda ya nutse, wanda ya shaƙe, wanda ƙwaya ta kwantar, a haɗa da hurawa, dannawa 30 hurawa 2. Wanda ba zai iya hurawa ba ko ba ya so, ya danna, ya fi tsayuwa kallo nesa ba kusa ba. Kuma a lura, yawancin tsayawar zuciya a cikin gida take faruwa. Wanda za ka hura wa, galibi ɗanka ne ko mahaifinka ko matarka. Ƙyamar da ake magana ba ta cika tasowa a nan ba.

Sista Hadiza:
Ina bayan Dakta. Kuma dalilin da ya sa hurawa ke ba mutane tsoro, ba a koyar da ita da kyau. Hannu ɗaya a goshi, yatsu biyu na ɗaya hannun a ƙarƙashin ƙashin haɓa, a ɗaga haɓar sama kai ya koma baya. A kan ƙashin za a sa yatsun, ba a naman da ke ƙarƙashin haɓa ba, don danna naman yana tura harshe ya toshe hanya. Wanda ya suma, harshensa ne ke saki ya faɗa baya ya rufe maƙogwaro, ɗaga haɓa shi ke janye shi. Sai a matse hanci, a rufe bakinsa duka da naka, a hura na daƙiƙa ɗaya, ido yana kan ƙirji. Da ƙirji ya ɗaga, ya isa. A bari ya sauka, a sake ta biyu, a koma dannawa. Duka biyun kada su ci fiye da daƙiƙa 10.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika baki da iska a hura da ƙarfi. Iskar da ta yi yawa ba huhu take zuwa ba, tumbi take shiga. Ciki ya kumbura, ya tokare huhu daga ƙasa, sannan abin da ke ciki ya taso ya koma hanyar numfashi. Ko iskar da ta shiga huhun ma, in ta yi yawa tana matse manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. Wannan ya shafi ma'aikatan asibiti masu matsa jakar Ambu, wadda ake ba majinyaci iska da ita, da sauri saboda ruɗewa.

In an hura ƙirji bai ɗaga ba, a gyara kai a sake sau ɗaya. Bai ɗaga ba, a koma dannawa, kada a tsaya ana ta gwaji. Kuma kada a zura yatsa cikin baki ana lalube in ba a ga abu da ido ba.

Lawali Maraɗi:
Sista, tambayar da ɗalibai ke yi kullum: iskar da na fitar ai gurɓatacciya ce, wane amfani za ta yi masa?

Sista Hadiza:
Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa tana da kusan kashi 16. Jiki kaɗan yake ɗiba. Abin da ya rage ya isa ya riƙe rai.

Lawali Maraɗi:
Madalla. Ni kuma a ganina, duk wannan muhawarar tana bayan wata matsala da ta fi ta girma: ba a gane cewa zuciya ta tsaya. A mintunan farko mutum yakan yi wani irin jan numfashi, baki ya buɗe, ya yi kakari ko minshari, sai shiru na daƙiƙu da yawa, sannan ya sake. Jama'a su kasu biyu. Wasu su ce ai yana numfashi, a yi masa fifita. Wasu su ce gargara ce, a fara laƙƙana masa kalmar shahada. Duka biyun ba wanda ya danna ƙirji. Wannan kakarin alama ce ta cewa zuciya ba ta daɗe da tsayawa ba, ƙwaƙwalwa da sauran rai, wato shi ne ma wanda ya fi kowa damar farfaɗowa. Mai laƙƙanawa ya yi nasa, mai dannawa ya yi nasa, ba sa hana juna.

Wani kuma yakan yi 'yar fizge-fizge ta daƙiƙu kaɗan yayin faɗuwa, sai a ce farfaɗiya ce, a nemo cokali a cusa a baki. Ko farfaɗiyar ce ma cokali ba ya cikin magani, haƙori kawai yake karyawa. Da fizgar ta lafa a duba numfashi.

Sai zuba ruwa, da shaƙa albasa, da ɗura madara ko manja. Duk abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa, huhu yake tafiya.

A nan Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, a saka ta ga masu karantawa daga wannan ɓangaren.

Malam Isiyaku:
Za a saka, da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra ta Najeriya. Batun taɓa jijiyar wuya don jin bugun zuciya fa? Na cire shi da gangan.

Dakta Bashir:
Ka yi daidai. Wanda ba aikinsa ba ne yakan ji bugun yatsansa ya ɗauka na majinyacin ne, ko ya ɓata minti guda yana nema. Bai amsa ba, ba ya numfashi daidai, a fara. In ashe zuciyarsa na bugawa, zai motsa ko ya ture hannunka, kuma illar da ka yi masa kaɗan ce. Ma'aikacin lafiya shi ke taɓa jijiya, shi ma daƙiƙa 10 ne iyakarsa. In ya ji bugu amma babu numfashi, ba a danna ƙirji, hurawa kawai ake yi: babba sau ɗaya duk daƙiƙa 6, yaro sau ɗaya duk daƙiƙa 2 zuwa 3. Wanda ƙwaya ta danne wa numfashi sau da yawa a wannan hali ake samun sa, kuma akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin su kodin.

Dalilin da ya sa muke tsananta batun tsayawa: dannawa mafi kyau ba ta tura fiye da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na jinin da zuciya ke turawa da kanta. Kuma ƙarfin da ke kai jini cikin naman zuciya a hankali yake taruwa, kamar famfon tuƙa-tuƙa: sai ka yi ta bugawa kafin ruwa ya hau, ka saki kaɗan ya koma ƙasa, sai ka sake farawa. Shi ya sa ake canjin hannu duk minti 2, na biyu ya durƙusa a ɗaya gefen a shirye, a karɓa ba tare da an yi shiru ba. Mai dannawa ba ya jin gajiyarsa da wuri, amma zurfin yana raguwa tun kafin ya ji.

Lawali Maraɗi:
To Dakta ga tambaya mai ɗaci. A ƙauyen da motar asibiti ba za ta zo ba, babu na'urar AED mai buga wa zuciya wuta don bugunta ya daidaita, za a yi ta dannawa har yaushe? Ba gara a jefa shi a mota a ruga ba?

Dakta Bashir:
Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu jini. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Wane asibiti ne za a kai cikin minti 5, a haɗa da neman mota da ɗauka da cunkoso? Wanda aka naɗe a bayan A Daidaita Sahu ko aka goya a babur ba tare da dannawa ba, gawa ake kaiwa. Saboda haka a fara a inda ya faɗi, wani ya tafi neman mota. Motar kuma ta zama mai shimfiɗaɗɗen baya, a-kori-kura ko bas da aka naɗe kujeru, a kwantar da shi a ƙasanta a ci gaba, direba ya tafi a hankali don mai dannawa ya iya aiki.

Amma kada mu yaudari 'yan agaji. Babban da zuciyarsa ta rikice ta koma karkarwa, dannawa ba ta cika dawo da ita ba, lokaci take saya kafin a samu na'urar da za ta buga mata wuta. Wanda dannawa da hurawa kaɗai kan dawo da shi a wurin, shi ne wanda rashin iska ya tsayar, kamar yaron da ya nutse. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ƙi yarda a cire hurawa a ƙasar da AED ta yi ƙaranci.

Oga Garba:
Tunda an zo kan na'ura. AED ba ta buƙatar likita. Ka kunna, tana magana, ka bi. Faifan manne guda biyu ne: ɗaya a saman ƙirji ta dama, ƙarƙashin ƙashin da ke gindin wuya, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Fata tsirara, a bushe. In jiƙe yake a goge, in gashi ya yi yawa a aske wurin, in ba haka ba faifan ba zai kama ba. Ana manna su ana ci gaba da dannawa. In ta ce a saki, kowa ya ɗauke hannu. Ita ke tantance ko bugun na buƙatar wuta, ba za ta bugi wanda ba ya buƙata ba. Da ta buga, a koma dannawa nan take na minti 2, kada a tsaya duba ko ya tashi. In ta ce babu buƙatar wuta, ba ta ce ya mutu ba kuma ba ta ce ya warke ba, a ci gaba.

Abin da ke kashe su a wurinmu: batir ya mutu a cikin akwati, faifan ya wuce wa'adi ya bushe saboda zafi, ko an kulle ta a ofis mai makullin ya tafi gida.

Masu kallon ƙwallo sun ga bambancin. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989 ana wasa da Angola, ya rasu. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a 2021 ana wasa da Finland, aka danna ƙirjinsa a cikin fili, aka buga masa wuta sau ɗaya, ya dawo har ya ci gaba da buga ƙwallo.

Wanda wutar lantarki ta kama kuma, a kashe wutar daga tushe tukuna, ko a ture wayar da busasshen itace. Kada a taɓa shi da hannu.

Hajiya Ladi:
Sannunku da ƙoƙari. Malam Isiyaku, batun mace da ka ɗauko, kada a bar shi haka. Hannu a kan ƙashin tsakiyar ƙirji yake sauka, kuma ana iya dannawa ta saman riga marar kauri. Faifan AED ne kaɗai ke son fata, shi ma sai mata su kewaye da zane ko mayafi. Malamai sun daɗe da yin bayani a kan larura. A rubuta wannan ƙarara, don ana barin mata su mutu saboda kunya.

Mai ciki kuma, in cikin ya kai cibiya ko ya wuce, wato wajen mako 20, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya in tana rigingine. Ba a karkata ta, don dannawa ba ta yin kyau a karkace. Mutum na biyu ya sa hannu biyu ya janye cikin zuwa hagunta ya riƙe, mai dannawa ya yi aikinsa a wurin da aka saba. A asibiti, in ba ta dawo ba cikin minti 4, ana shirin ciro jaririn nan take, don ceton uwar ma.

Jaririn da aka haifa yanzu bai yi kuka ba, hukuncinsa daban. A goge shi da busasshen zane da ɗan ƙarfi, a shafa bayansa, a canza zanen. Bai yi numfashi ba, a fara ba shi iska da jaka da abin rufe fuska kafin minti ɗaya ya cika, sau 40 zuwa 60 a minti. Mafi yawansu iskar kawai suke jira. Sai in bugun zuciya ya kasa 60 bayan an tabbatar iska na shiga ake danna ƙirji, dannawa 3 hurawa 1. Riƙe shi ta ƙafa a zazzage, ko watsa masa ruwan sanyi, ɓata lokaci ne da cutarwa.

Sista Hadiza:
Hajiya ta gama magana. Na ƙara na yara. Jinjiri ƙasa da shekara ɗaya: kada a tanƙwara kansa baya kamar na babba, maƙogwaronsa taushi gare shi, zai lanƙwashe ya toshe. Fuska ta kalli sama daidai. Bakinka ya rufe bakinsa da hancinsa tare, iskar da ke cikin kumatunka ta isa. Dannawa da manyan yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ɗan ƙasa da layin nonuwa, sauran yatsu sun zagaye bayansa. Zurfi kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji, kusan santimita 4. Yaro babba, hannu ɗaya ko biyu, kusan santimita 5. In ma'aikata biyu ne, dannawa 15 hurawa 2. In kai kaɗai ne kuma babu waya a hannunka, yi masa aiki tukuna na minti ɗaya zuwa biyu kafin ka tafi neman taimako.

Malam Isiyaku:
Wanda ya nutse, hurawa nawa ake farawa da ita? Wani littafin ya ce 5, wani ya ce 2.

Dakta Bashir:
Tsarin Turai 5, na Amurka 2. Zaɓi ɗaya ka koyar, ni 5 nake so, don huhun da ruwa ya shiga yana da tauri, na farko ba su cika shiga ba. Abin da duka suka haɗu a kai: da hurawa ake farawa, kuma ba a danna ciki don fitar da ruwa, ba a kife shi. Ruwan da ke fitowa daga tumbi yake, kuma amai yake jawowa. In kumfa na fitowa a ci gaba, ba ta ƙarewa. In amai ne, a juya shi gefe, a share, a mayar.

Lawali Maraɗi:
Haƙarƙari fa? Da an ji ƙas sai a saki.

Dakta Bashir:
Yana karyewa, musamman ga tsofaffi, ko da an yi daidai. A duba ko hannu ya zame gefe ko ya sauka kan ciki, a gyara, a ci gaba. Kuma a sauko da shi daga katifa, in ba haka ba katifar kake dannawa.

Ana tsayawa ne in ya motsa ko ya fara numfashi daidai, in ma'aikatan lafiya sun karɓa, in wurin ya zama haɗari, ko in ƙarfi ya ƙare babu mai karɓa. Wanda jikinsa ya riga ya sandare ba a farawa. Masu tsoron a ce a kawo takardar 'yan sanda kuma su sani, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Sista Hadiza:
In ya dawo yana numfashi amma bai farka ba, a juya shi ya kwanta a gefe, gwiwar ƙafar sama a lanƙwashe ta tokare ƙasa, hannunsa a ƙarƙashin kumatu, haɓa a ɗage, baki yana kallon ƙasa don abin da ya taso ya zubo. Mai ciki a gefen hagu. Kada a ba shi ruwa, kada a zaunar da shi, kada a cire faifan AED. Mutum ɗaya ya zauna yana kallon ƙirjinsa har asibiti, don zuciyar na iya sake tsayawa a hanya. Ko ya tashi ya yi magana ya ce ya warke, a kai shi, musamman wanda ya nutse, don huhunsa na iya rikicewa bayan awanni.